Ragar Gaban Marsandin Nana Adaku

Tun da Nana Adaku ta rasu, babu wanda ya isa ya taɓa Marsandinta sai babbar 'yarta Ayele. Motar tana nan a garejin gidansu na unguwar Amutive, lulluɓe da tsofaffin atamfofi da aka haɗa aka ɗinke. Duk ranar Lahadi in an taso daga coci, Ayele kan yaye lulluɓin ta tada inji, ta zauna a kujerar direba tana saurarensa kamar mai sauraren numfashin majinyaci. Iskar tekun Lome ba ta barin ƙarfe ya zauna lafiya. Ta ci ƙofar gidan, ta ci kwanon rufin kicin, amma ba ta sami inda za ta kama a jikin motar nan ba, domin Ayele ba ta ba ta dama ba. Da wannan mota Nana ta riƙa zuwa babbar kasuwa tun zamanin da matan da ke sayar da atamfa suka fi manyan ma'aikata motoci, kuma har yanzu tsofaffin kasuwa ba sa kiran sunanta ba tare da sun ambaci motar ba.

Ranar Asabar za a yi addu'ar cikar shekara da rasuwar Nana. An yanka anko, an gaya wa 'yan ƙungiyar mawaƙa, an sayi masarar yin ablo, wainar da suke turarawa. Ayele ta tsara cewa Marsandin ce za ta shige gaba daga gida zuwa coci, daga coci zuwa maƙabarta, matan kasuwa na biye.

Ana cikin wannan shiri ƙanenta Messan ya sauka daga Beljiyam. Bai zo jana'iza ba bara, wai an yi masa aiki a gwiwa. Bai zo ba kuma a shekarun da Nana ta yi a kwance, lokacin da Ayele ce mai juya ta, mai wanke ta, mai jure zaginta in ciwo ya motsa. Yanzu ga shi ya zo da furfura a gemu da akwatuna masu tayoyi, kuma tun kafin ya sha ruwa ya fara ganin laifin gida. Bango ya yi gansakuka. Famfo na ɗiga. Yaji ya yi yawa a miya.

"Da Ayele," in ji shi da aka yaye masa motar, yana kiranta da laƙabin da suke yi wa yaya mace, yana leƙa ragar da ke gabanta, "haka kike barin dukiyar tarihi? Dubi dauɗar da ta maƙale a ramukan nan. A can, irin wannan mota da safar hannu ake taɓa ta."

"To ka koma can ka taɓa tasu," in ji Ayele. "Wannan ta uwarmu ce, da tsumma da ruwan sanyi ta saba."

Washegari ta tafi kasuwa. Da la'asar ta dawo a bayan ɗan babur, tun daga ƙofar gida wani wari mai yaji ya daki hancinta, irin mai sa ido ƙwalla. Ta tarar an turo motar tsakar gida. Messan na tsugune a gabanta da tiyon ruwa, yana ta fesawa, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Ashe ya je wani babban kanti ya sayo maganin da ake wanke tandar gasa nama da shi, mai kumfa, wai da shi yake goge komai a gidansa. Ya fesa wa ragar, sai matarsa ta bugo waya, ya shiga ɗaki yana ba ta labarin zafi da sauro. Kafin ya fito kumfar ta gama aikinta.

Fentin ruwan azurfa da ke jikin ragar ya kumbura kamar fatar da tafasasshen mai ya zuba wa. Wani wurin ya saluɓe yana lilo, wani wurin ya narke ya gangaro har kan lamba, ya bar baƙaƙen tabo. Motar da Ayele ta sani da fuskar mutunci ta koma kamar wadda ƙyanda ta yi wa kaca-kaca.

Ayele ta ajiye jakarta a ƙasa a hankali. Ba ta yi ihu ba da farko, abin da ya fi tsorata Messan ke nan.

"Zai gyaru," in ji shi da sauri. "Ai dama fentin banza ne aka shafa. Da na gaskiya ne da bai..."

"Rufe mini baki."

"Ki bari in yi miki bayani."

"Na ce ka rufe mini baki, Messan! Gishirin teku ya yi shekaru yana neman motar nan bai samu ba, kai ka zo da digirinka ka gama da ita kafin rana ta faɗi. Me ta yi maka? Ko ita ma don ta san ba ka zo ka ga uwarka ba?"

"Kada ki sa Nana a cikin maganar fenti."

"Nana tana cikin komai na gidan nan. Kai ne ba ka ciki."

Maƙwabta suka fara leƙowa ta saman katanga. Messan ya jefar da tiyon, ruwa na ta malala, ya ɗauko sukudireba ya ce shi ya ɓata, shi zai gyara, kuma ba ya neman taimakon kowa. Ya buɗe bonet ya shiga kwance ragar. Ayele ta tsaya a kansa tana tsince duk ƙusar da ya cire tana ƙullewa a bakin zanenta, don ta ce ba ta yarda ya riƙe ko ƙwayar wake ba. Da ragar ta fita, ya ɗaga ta a hasken rana, ya kankare wani wuri da farce. Ƙarƙashin azurfar baƙin fenti ne.

"Kin gani?" Muryarsa ta canza. "Baƙa ce! Na faɗa a raina tun jiya akwai abin da ba daidai ba. Ranar da Nana ta kai ni filin jirgi, baƙa ce. Na tsaya a gabanta aka ɗauke mu hoto. Wa ya mayar da ita kamar tukunyar gwangwani?"

"Mai motar. Da bakinta ta ce a yi mata ruwan azurfa, ni na kai."

"Ke kika sa ta dai. Komai ke kike sa ta."

"Kai motar mace mai ƙarfinta ka sani. Ni motar tsohuwa na sani, wadda nake ɗauka in sa a kujerar baya in kai asibiti. Azurfa za a mayar."

"Baƙa za a mayar."

"Gwada ka gani."

Ya gwada kuwa. Da sassafe, kafin Ayele ta fito daga wanka, ya naɗe ragar a buhu ya hau babur. Ba ta sha wahalar gano inda ya nufa ba, don duk unguwar mai fentin mota ɗaya aka yarda da hannunsa, Fo Ekuwe, da ke da rumfa a bayan gadar Be. Ta bar shagonta a hannun 'yan aiki ta bi shi. Ta isa ta tarar Fo Ekuwe, wani gajeren dattijo da tsumma ɗaure a hanci, ya riga ya goge ragar da samfefa, ya rataye ta da waya a jikin rumfa, ya yi mata feshin farko. Baƙa ƙirin, tana ƙyalli. Messan na zaune a kan tsohuwar taya ya harɗe ƙafa.

"Fo Ekuwe, wa ya ba ka izinin baƙanta fuskar motar uwata?"

Mai fentin ya sauke tsumman. "Da Ayele, sannu da zuwa. Ɗan gidan ne ya kawo, ya ce..."

"Baƙo ne. Ka taɓa ganinsa? Ka taɓa ganinsa ya kawo motar nan ko sau ɗaya?"

"Uwa ɗaya ta haife mu," in ji Messan daga inda yake zaune, "ko kin so ko kin ƙi. Fo, ci gaba da aikinka."

"Ɗauko azurfa ka fesa yanzun nan," in ji Ayele.

Fo Ekuwe ya ce ba a ɗora fenti a kan ɗanyen fenti, balle da wannan damshin na damina. Sai ya bushe, a sake gogewa, kuma kafin nan su je su daidaita tsakaninsu. Babu wanda ya saurare shi. Messan ya miƙe ya ce yayarsa ta cinye shago, ta cinye gida, yanzu har abin da yake tunawa da uwarsa take so ta cinye. Ayele ta ce wanda bai san nauyin fo ɗin majinyaci ba ba shi da bakin maganar gado. Ya kira ta mai mulkin mallaka. Ta kira shi ɗan yawon buɗe ido. Masu gyaran taya da mai sayar da soyayyar doya suka bar sana'arsu suka zagaye rumfar, wani har da jawo benci.

Abin ya ishi Fo Ekuwe. Ya kwance wayar, ya miƙo ragar tana ɗanya.

"Ku ɗauki kayanku. Na yi wa mahaifiyarku aiki shekara da shekaru, ko tsawa ba ta taɓa yi a rumfar nan ba. Ku je ku yi kokawarku a gida."

Su biyun suka kai hannu lokaci ɗaya. Ayele ta riga shi, ta rungume ragar a ƙirji, baƙin fenti ya ɓata mata riga da damtse. Sawun yatsunta da na Messan suka fito raɗau a jikin fentin.

A gida suka tarar da Tasi Kayi, ƙanwar mahaifinsu, ta iso daga Aneho domin addu'ar. Tsohuwa ce tukuf, da sanda, amma har yanzu in ta yi gyaran murya manya kan gyara zama. Labari ya riga su zuwa. Kowannensu ya zube a gabanta yana neman ta ba shi gaskiya.

"Tasi, ba baƙa ba ce tun asali?"

"Tasi, ba Nana ce da kanta ta ce azurfa ba?"

Tsohuwar ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Ina cikin motar nan ranar da aka fito da ita daga tashar jirgin ruwa. Toka-toka ce, kamar bayan jaki. Uwarku ta canza ta ya fi a ƙirga, duk sanda ta ga dama, yadda take canza ɗankwali. Ku biyu kun tsufa ba ku yi hankali ba. Gobe Asabar. Ni dai kada in fito in ga motar Adaku da wawulo."

Wannan bai kashe wutar ba. Kowannensu ya ɗauki abin da ya yi masa daɗi a maganar ya bar sauran. Ayele ta aika aka sayo mata gwangwanin fentin feshi ruwan azurfa. Ta shimfiɗa kwali a tsakar gida, ta jingina ragar da turmi. Ba ta taɓa fesa fenti ba a rayuwarta, amma ta gwammace ta mutu da ta tambayi Messan. Shi kuwa ya jawo kujera ya zauna nesa kaɗan da kwalbar lemo, yana kallo.

"Kin matsa kusa da yawa."

Ta ƙara matsawa.

"Zai zubo."

Ta danna da ƙarfi har yatsanta ya yi zafi. Da farko abin ya yi kyau, azurfa ta rufe baƙi, zuciyarta ta yi sanyi, har ta juyo ta watsa masa harara. Ba a jima ba fentin ya fara yamutsewa. Na ƙasan da bai bushe ba ya motsa, na saman ya tattare, duk ragar ta yi ƙuraje-ƙuraje kamar fatar kada, baƙi na leƙowa ta tsagogi. Ta ƙara wani feshin don ta rufe, abin ya ƙara muni, har wasu ramukan suka toshe.

Messan ya yi dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji. "Yanzu mun yi kunnen doki, Da Ayele. Ni na ƙona, ke kin binne."

Ta wurga masa gwangwanin. Ya kauce, gwangwanin ya sami tulun ruwan Tasi Kayi.

Ranar Asabar da safe suka mayar da ragar, shi yana ɗaurewa, ita tana miƙa masa ƙusoshi ɗaya-ɗaya ba tare da sun haɗa ido ba. Da aka ja baya aka duba, Ayele ta ji kamar ta nutse. Matan kasuwa na hanya, waɗanda suke gane atamfar jabu daga nesa, waɗanda za su yi wata guda suna tauna maganar. Sai dabara ta zo mata. Ta shiga falo ta ciro babban hoton Nana mai firam, ta sa aka ɗaure shi a gaban motar da igiya, ta zagaye shi da sabuwar atamfar anko, ninki a kan ninki, har babu ko ɗigon ragar da ake gani. Duk wanda ya shigo sai ya yaba. Messan ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya dubi fuskarta, ya kaɗa kafaɗa ya yi shiru.

Ita ta tuƙa. Tasi Kayi a gefenta, Messan a baya yana kallon taga. 'Yan badujala na gaba da ƙafa, don haka tafiyar hawainiya ake yi, rana kuma ta buɗe bayan ruwan safe. An yi coci lafiya. A hanyar maƙabarta ne, daidai inda titi ya matse da 'yan babura, Ayele ta ga allurar zafin inji ta haye ja. Ta yi kamar ba ta gani ba. Sai wani huci ya taso, farin tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet, ya lulluɓe hoton Nana. Motar ta yi tari ta mutu a tsakiyar titi.

Badujala ta tsaya da guntun sauti. Motocin baya suka dinga hon.

"Kin toshe mata hanci," in ji Messan daga baya, a hankali. "Ta ina za ta sha iska?"

Ayele ta juyo gaba ɗaya. "Ka sani?"

"Kowane yaro ya sani."

"Ka sani tun a gida, ka yi shiru?"

"Ba kin ce in rufe miki baki ba?"

Da ba don sandar Tasi Kayi da ta gitta tsakaninsu ba, da Ayele ta haura kujera. Suka fito. Babu yadda za a yi sai an kwance hoton da atamfar, kuma a gaban kowa aka kwance. Ragar ta bayyana, ga ƙuraje ga tabo, zafi ya ƙara narkar da fentin har zaren atamfa ya manne a jiki. Matan kasuwa cikin ankonsu suka matso. Babu wadda ta yi dariya, da ma sun yi da ya fi sauƙi. Wata tsohuwar abokiyar hamayyar Nana ta dafa ƙirji ta ce, "Wayyo Adaku, haka suka yi miki?" Wannan kalma ta shiga Ayele har ƙashi.

Aka tura motar gefe, aka bar wani makanike yana zuba mata ruwa. Ayele ta rungumi hoton uwarta ta shige gaba da ƙafa, cikin takalmi mai tsini, ba ta waiwaya ba har maƙabarta. A bakin kabarin ita ta tsaya ta wajen kai, Messan ta wajen ƙafa, limamin coci na tsakiya yana addu'ar zaman lafiya ga iyalan mamaciya. Wajen cin abinci ma kowa da rumfarsa. Dangi suka rabu biyu ba tare da an ce su rabu ba, masu kai ablo da miya suna zirga-zirga suna kwasar magana daga nan su kai can.

Bayan an watse Messan bai ƙara cin abincin gidan ba. Ranar da zai koma, Ayele ta fita kasuwa tun da wuri don kada a ce ta raka shi. Tasi Kayi kaɗai ya yi wa sallama.

Da mako ya zagayo Ayele ta kwance ragar da kanta, ta kai wa Fo Ekuwe, ta ba shi haƙuri a gaban masu gyaran taya. Ya karɓa bayan ya ja mata rai. Ya jiƙa ta, ya kankare duk tarkacen har ya kai ga asalin robar, ya shafa fentin ƙasa, ya bari ya bushe, sannan ya bi da azurfa siriri-siriri, yana barin kowane feshi ya sha iska. Ta riƙa biyowa kullum tana dubawa, yana korarta. Da ya gama, ragar ta fito sumul, ta fi yadda take a da.

Ta kawo ta gida da murna, irin murnar da ta daɗe ba ta yi ba. Tun ranar da aka jawo motar daga titi aka lulluɓe ta, ita kuma da za ta cire ragar gefen gaba kawai ta ɗaga a gurguje, cikin duhun gareji. Yau ta yaye lulluɓin duka, ta buɗe ƙofa haske ya shigo. Nan ta ga tauraron da ke tsaye a saman hancin motar babu shi. Sai rami, an kwance shi tsaf, ba a karya komai ba.

Ta kira Beljiyam nan take. Messan ya ɗauka kamar dama jira yake.

"Ina tauraron motar Nana?"

"Yana kan teburina. Ina kallonsa yanzu haka."

"Ɓarawo."

"Ki riƙe gida, ki riƙe shago, ki riƙe motar da azurfarki. Wannan nawa ne."

"Za ka dawo da shi, ko in zo har inda kake."

"Ki zo. Ki taho da rigar sanyi."

Ya kashe wayar. Daga baya Ayele ta ɗaura ragar, ta ƙulle kowace ƙusa da ƙarfi, ta nemo murfin kwalba na toshiya ta fere shi da wuƙa, ta cusa a ramin don kada damshi ya shiga. Fo Ekuwe ya aiko mata cewa ana samun irin tauraron a wajen masu kayan gwanjo na bakin tashar jirgin ruwa, ta ce ba ta so, wanda aka sace take jira. Da yamma ta kira kafinta ya canza kwaɗon gareji da na ɗakin da Messan ya sauka, ta sa aka kwashe katifar aka cika ɗakin da dilolin atamfa.